Totuwar Kara a Hancin Roka

Shekara ashirin da shida na yi ina kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a wata makarantar 'yan mata da ke Kankiya. Ni ba malami ba ne. Nawa shi ne in share ɗakin, in wanke kwalabe, in jera kayan gwaji kafin ɗalibai su shigo, in kwashe bayan sun fita, in kulle. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma hannuna ya san kowace kwalba da kowace waya da ke ɗakin nan, har wadda ba ta ba da wuta sai an karkata ta.

A shekarar da nake son ba da labarinta aka turo mana sabuwar malamar kimiyya, 'yar Kusada. Sabuwa ce ga sauran ma'aikata, ni kuwa na san ta tun tana aji ɗaya, don a makarantarmu ta yi karatu, kuma ita ce ta taɓa fasa mini kwalbar awo biyu a mako guda. Ta je jami'a ta dawo. Tana kirana Baba kamar da, ni kuma na koma kiranta Malama, duk da ta sha cewa in daina.

Cikin damina aka kira ta taron horar da malaman kimiyya a Abuja, ta dawo da kwali guda. A ciki akwai ƙananan rokoki uku na takarda mai kauri, kowace ba ta wuce kamu ɗaya ba. Akwai injuna goma sha biyu, kowanne kaurin babban yatsa, an danƙara masa albarushi a ciki, an toshe ƙarshensa da yumɓu aka bar 'yar kafa a tsakiya, wadda muka riƙa kira hanci. Sai abin kunnawa guda ashirin: siririyar waya da aka lanƙwasa biyu, da ɗigon baƙin magani a kanta. Malama ta faɗi sunanta da Turanci, yaran suka ce ai wannan ashana ce, sunan kuwa ya bi ta. Ana tura kan ashanar cikin hancin inji, a danna ɗan matoshin roba ya riƙe ta, a maƙala mata kilif biyu masu haƙora, a ja waya nesa zuwa batir, sannan a danna maɓalli. Wuta ta bi waya, kan ashana ya kama, ya kunna albarushi, roka ta tashi. Haka Malama ta bayyana mana.

Za a yi ranar kimiyya ta makarantun yankinmu a Kusada da kaka, Malama kuwa ta ƙudura cewa rokar za mu kai. 'Yan aji biyar su shida ta zaɓa. Suka yi mako biyu suna liƙa fukafukai, suna naɗe 'yar lemar da roka ke saukowa da ita. Wayar da ta zo cikin kwalin, Malama ta ga ta yi gajarta, tana son yaran su tsaya can nesa, sai na ce ta bar mini wannan. Na samo ragowar wayar lantarki mai kauri da aka bari a sito tun gyaran ajujuwa, na haɗa, na naɗe da baƙin tef, na yi ta jin daɗin aikina. Shugabar makaranta ta sanar da mai unguwa da 'yan sanda, domin a lokacin da muke ciki ba a tashi da ƙara da hayaƙi a bayan gari ba tare da an gaya wa mutane ba.

Saura kwana tara a tafi Kusada muka fita gwaji a filin ƙwallo. Na share busasshiyar ciyawa, na ajiye bokitin ruwa da na yashi. Aka zura roka a sandar ƙarfe, hancinta na kallon ƙasa, yaran suka ƙirga daga biyar suka sauko. Shugabarsu, wata doguwar yarinya 'yar Kafinsoli mai ƙarancin magana, ta danna maɓalli. Muka ji ɗan tas, ɗan hayaƙi ya fito, sai ga ashana ta faɗo tana lilo a jikin kilif. Roka na nan inda take.

Malama ta zare makullin maɓallin, ta duba agogo, ta hana kowa matsawa sai da minti ɗaya ya cika. Wannan dokarta ce, ba ta taɓa sassauta ta ba. Aka sa wata ashanar, aka sake ƙirgawa, aka sake jin tas. A karo na uku 'yan ƙananan aji da suka taru a bakin fili suka fashe da dariya. Shugabar makaranta ta ja Malama gefe ta ce mata, cikin lalama, ko dai a koma ga haɗa sabulu da aka saba kaiwa, don kada a je garinsu ta ji kunya gaban iyayenta. Malama ta roƙi a ba ta zuwa Litinin.

Washegari muka fara zargin batir. Na kwance na babur ɗina na kawo, sabo ne, ko wata uku bai yi ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne ashanar ta fi saurin tsalle, har ta bugi ƙafar sandar. Sai muka koma zargin sanyin damina, tunda kwalin ya daɗe a sito. Muka canza inji, muka ɗauko wanda ke tsakiyar ledarsa ba a taɓa buɗewa ba. Shi ma haka. Ashana biyar ke nan sun tafi.

A nan ne na yi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce wa Malama ta ba ni inji ɗaya in soka masa tsinke mai wuta da hannuna, mu gani ko albarushin na da rai. Ta dube ni, a gaban yara, ta ce:

“Baba, ko da za a fasa tafiyar gaba ɗaya, ba mai kai hannu wurin nan da wuta. Da yatsunka goma ka zo, da su za ka koma gida.”

Ta kwashe injunan ta kulle a kabad, ta sa makullin a jakarta. Raina ya sosu. Yarinyar da na koya wa riƙe kwalba ce ke hana ni a gaban 'yan aji biyar. Na koma gida fuska a murtuke, har uwargidana ta tambaye ni ko an yi rasuwa a makaranta. Sai bayan na huce na yarda cewa ita ce da gaskiya, kuma da ta bar ni, da yaran shida sun koyi abin da bai kamata su koya ba.

Ranar Alhamis ba darasi a ɗakina sai bayan ƙarfe tara. Ƙonannun ashanun nan biyar na tsince su tun a fili, don ba na barin komai a ƙasa. Na jera su kan farar takarda, na ɗauko madubin ƙara girma na duba su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta ƙone ƙurmus, ba ragowar magani. To, ashe ba laifin batir, ba laifin ashana, wuta na zuwa kuma tana ci. Da Malama ta shigo na roƙe ta ta fito mini da injuna biyun da muka gwada, na ce kallo kawai zan yi, ta tsaya a kaina in ta so. Ta yi murmushi ta tsaya ɗin.

Na haska hancin da tocilar wayar hannu. Baƙin hayaƙi na nan a leɓen yumɓun daga waje, kamar gindin tukunya, can ciki kuwa fes. Wato wutar a bakin ƙofa take ci, ba ta taɓa isa ɗaki ba. Na karyo tsinken tsintsiya na zura a hankali har ya taɓa albarushi, na sa farce na yi alama. Sannan na gwada shi da ƙonanniyar ashana, daga kanta zuwa inda yaran suka lanƙwasa wayar. Ashanar ta gaza da kamar ƙwayar shinkafa. Yaran na tsoron turawa da yawa kada ta fashe a hannunsu, sai su tsaya da zarar sun ji ta shiga.

Na ɗauko matoshin roba na sa a hancin ba tare da ashana ba, na kifa injin. Matoshin ya faɗo kan tebur ya gangara. Malama ta ɗauki ledarsu ta karanta, ta ce ai waɗannan na ƙaramin inji ne, wanda ya haɗa kwalin ya yi kuskure. Ta zauna kan kujera ta rufe fuska da hannu tana dariya.

Na ce mata da saura, kuma wannan nawa ne. Muka ɗora roka a sandarta nan cikin ɗaki, ba batir a kusa, muka sa sabuwar ashana, na maƙala kilif. Muna kallo, nauyin wayata mai kauri ya riƙa jan ashanar ƙasa a hankali, kafin a ƙirga biyar ta zamo rabi. Abin da ya rage, ɗan numfashin da kanta ke yi in ya kama shi ke ƙarasa tofar da ita waje. Wayar da na yi ta alfahari da ita ce ke zare mana ashana. Na faɗa da bakina kafin Malama ta faɗa.

Biyu daga cikin matsalolin nan uku ba su ba mu wahala ba. Ashana a tura ta har sai an ji ta dafa albarushi, sannan a lanƙwasa. Waya kuma na ɗaure ta a ƙafar sandar da igiyar roba, na bar ɗan sako-sako, yadda nauyin zai tsaya a ƙafar. Matoshi ne ya tsaya mana a wuya. Mun gwada farin tef, zafin rana ya ɗaga shi. Mun gwada auduga, ba ta riƙe komai. Wata cikin yaran ta ce cingam, wata ta ce a fere itace a buga. Malama ta ce a'a, matoshin dole ya riƙe ashana, amma dole ya fita da zarar inji ya kama, in ba haka ba injin ya tsage. Abu ne da zai riƙe kuma ya saki. Aka tashi ranar Juma'a ba mu samu ba.

Ranar Asabar na tafi garinmu Sukuntuni, ana sunan jikar yayana. Bayan an shafa fatiha an watse, muka zauna da shi a inuwa kusa da tarin karan dawa da aka kwaso daga gona. Yana ba ni labarin yadda tsuntsaye suka yi masa ɓarna, ni kuwa hannuna ya jawo kara ɗaya ina ɓare shi da farce, ba da wata niyya ba. Farar totuwar cikinsa ta fito. Na matsa ta tsakanin yatsu ta lotsa, na saki ta ɗan taso. Da ita muke yin motar kara muna yara, mu soka mata tsinke ta riƙe gam, amma in ka ja da ƙarfi ta saki. Yayana ya lura na daina sauraronsa, ya tambaye ni abin da nake kallo a jikin kara kamar ban taɓa ganinsa ba. Na ce ya ba ni guda goma busassu. Ya ce in ɗauki dami.

Lahadi na wuni a tsakar gida da reza. Na fere totuwa 'yan guntaye, kai siriri gindi da kauri, kowace ba ta kai tsawon ƙwayar wake ba. Ba ni da inji a gida, amma na taho da guntun bututun gilashi daga ɗakin gwaji wanda na san faɗin bakinsa daidai yake da hancin. In sa siririyar waya, in danna totuwa, in rataya ƙaramin kwaɗon ƙofa a jikin wayar, ta riƙe. In sa baki in hura ta ɗaya ƙarshen, ta yi tsalle ta faɗa can wurin kaji. Uwargidana na tankaɗe tana kallona, ta ce ita dai ba ta san abin da tsufa zai mai da ni ba. Na fere sittin, na zaɓi talatin mafi kyau na zuba a gwangwanin ashana.

Litinin da safe na nuna wa Malama. Ba ta karɓa don ni na kawo ba. Ta ɗauko ma'aunin ja, ta gwada guda goma ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta nauyin da kowace ke ɗauka kafin ta saki, ta sa yaran su ma suka hura bututun. Sai da ta gamsu ta ce a fita fili.

Wannan karon ba 'yan kallo, daga mu takwas sai shugabar makaranta. Doguwar yarinyar nan ta tura ashana har ta ji ta tsaya, ta danna totuwa da babban yatsa, ta ɗaure waya, ta dawo bayan layi. Aka ƙirga. Ban ji tas ba. Wani irin huci na ji, kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai, sai farin hayaƙi ya miƙe sambal, na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Can sama, inda shaho ke shawagi, 'yar lemar ta buɗe, jajawur, ta fara saukowa tana rangaji. Yaran suka ruga. Ni na tsaya a inda nake, ina ta maimaita alhamdulillahi. Shugabar makaranta ta ce a manta da maganar sabulu.

Da muka koma ɗaki Malama ta miƙo mini alli. Na ce me zan yi da shi. Ta ce:

“Kai ka gano, kai za ka koyar. Ni ma zama zan yi.”

Ta je ta zauna a benci cikin yara. Na tsaya gaban allo, na zana hanci, na zana ashana, na nuna musu inda hayaƙi ya tsaya da abin da ya gaya mini. Na ce in abu ya ƙi, kada su yi saurin sake dannawa, su fara tsintar abin da ya faɗo su duba. Na ba su labarin wayata ma, ban ɓoye ba. Minti ashirin na yi, suna rubutawa a littattafansu. Wata ta ɗaga hannu ta yi tambaya, kuma na san amsar.

Ranar Alhamis muka cika ƙaramar bas muka nufi Kusada, kwalin injuna a cinyar Malama. Filin ya cika da ɗalibai da malamai da dattawan gari a kan kujeru ƙarƙashin rumfa. Wasu sun kawo murhu mai aiki da hasken rana, wasu injin ɓare gyaɗa. Mahaifin Malama na nan a sahu na biyu, wani dattijo mai farin gemu da ke koyarwa a Islamiyya, ya zo ya gaishe ni hannu biyu, ya ce ɗiyarsa ta ba shi labarina. An bar mu sai ƙarshe, aka matsar da mutane baya.

Roka ta farko ta tashi. Ta biyu ta tashi, har dattawan suka miƙe suka fito daga rumfa suna kare ido da hannu. Ta uku aka ƙirga, aka danna, shiru. Ba tas, ba hayaƙi, ba komai. Fili ya fara guna-guni. Na yunƙura zan tashi, Malama ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba:

“Baba, zauna. Ka riga ka yi naka.”

Na zauna. Doguwar yarinyar ta zare makulli ta riƙe a hannu, ta duba agogon Malama har minti ya cika, mutane na ta kallonta. Sannan ta taka zuwa wurin rokar ta durƙusa. Daga inda nake na ga ba ta taɓa totuwar ba, kallo kawai take yi. Can ta sa yatsa ta raba kilif ɗin biyu da suka haɗe da juna, ta gyara zamansu, ta dawo ba gaggawa. Ta karɓi lasifika ta gaya wa jama'a cewa ashana na nan a wurinta ba ta ƙone ba, don haka ta san wutar ce ba ta isa gare ta ba, kilif sun taɓa juna wutar ta yanke hanya ta koma. Yarinyar da sai ta wuni ba ka ji muryarta ba. Aka sake ƙirgawa, wannan karon da dukan filin, roka ta tashi ta fi sauran nisa.

Iska ta ja lemar ta kai ta bayan makarantar da ake taron, ta maƙale a reshen wani dogon gawo a gefen gonar wake. Muka bi ta, ni da yaran da wasu malamai biyu na wata makaranta da ke ta tambayata yadda ake fere totuwar. Muka tarar da wani makiyayi tsaye a ƙarƙashin bishiyar da doguwar gorarsa mai ƙugiya ta sassabo ganye, ya zuba wa abin ido. Ya tambaya ko namu ne, kuma ko yana cizo. Da aka tabbatar masa ba ya cizo, ya sa ƙugiya ya saukar da ita a hankali, ko fiffike ɗaya bai karye ba. Ya jujjuya ta, ya shinshina hancin, ya ce warin bindigar toka take. Yaran suka zagaye shi suna yi masa bayani su shida a lokaci guda, yana gyaɗa kai, shanunsa na cin ganyen da ya zubo tare da rokar.

A nan gindin gawon na durƙusa na ciro reza, na karyo kara daga shingen gonar bayan na nemi izinin mai ita, na fere wa malaman nan biyu guda uku-uku suna kallo. Ɗayansu ya gwada da kansa ya yanke ta karkace, na ce ya sake, kada ya danna rezar, ya bar ta ta bi. A karo na huɗu ya samu. Muna nan aka kira la'asar, muka kakkaɓe gwiwoyi muka nufi masallaci.